Darasi: Yadda Ake Musu da Ƙaryatawa da Turanci

Wani dattijo a ajinmu na yamma, wanda ya shekara fiye da ashirin yana tuƙa babbar mota, ya taɓa ba mu labarin abin da ya same shi a wani asibiti. Tari ne ya dame shi, aka haɗa shi da wata likita Baturiya wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan. Shi kuwa yana da ɗan Turancinsa na hanya, irin wanda ake tsinta a tasha da wurin lodi. Bayan ta saurari ƙirjinsa sai ta ce masa, "You don't smoke, do you?" Mutumin nan bai taɓa sa taba a bakinsa ba tun da aka haife shi, don haka ya gyara zama ya ce, "Yes." Likita ta yi rubutu a kati, sannan ta shiga yi masa nasiha a kan illar taba ga huhu. Ya ce da mu, "Malam, ni fa gaskiya na faɗa mata, amma sai ta ɗauke ni mashayi."

Gaskiya ya faɗa, amma da Hausa ya yi tunaninta. Idan aka ce wa Bahaushe, "Ba ka shan taba ko?" zai ce, "E, ba na sha." Wannan "e" tasa tana nufin maganarka daidai ce, na yarda da kai. Amsar Bahaushe mai tambaya take bi. Amsar Bature kuwa ba ruwanta da yadda aka gina tambayar, ainihin abin da ya faru take kallo. Idan ba ka shan taba, amsarka "No" ce, ko da wace siga aka tambaye ka:

"Do you smoke?" "No, I don't."
"Don't you smoke?" "No, I don't."
"You don't smoke, do you?" "No, I don't."

Tambaya uku, amsa ɗaya. Da a ce yana sha, to a dukkan ukun "Yes, I do" zai ce. Ku lura da ƙa'idar da ke ciki: "yes" ba ta zama da "not" a amsa guda, "no" kuma ba ta zama da tabbatacciyar jimla. Duk wanda ya ce "Yes, I don't" ya ɗora kan Turanci a jikin Hausa. A kasuwannin ƙasarmu za a fahimce shi, domin da yawa daga cikin harsunanmu haka suke amsawa, amma a gaban baƙo, ko a takardar da za a ajiye ta zama hujja, kuskure ne mai iya jawo asara.

Shawarata ga duk wanda bai riga ya saba ba ita ce kada ya taɓa tsayawa a kan "yes" ko "no" kaɗai idan tambayar tana ɗauke da korewa. Ya ƙarasa jimlar. Da dattijon nan ya ce "I don't smoke" ba tare da ya sa komai a gabanta ba, da magana ta ƙare.

Turawan da can ma sun san wurin nan yana da santsi. Shekara ɗari biyar da suka wuce Turanci yana da kalmomin amsa huɗu. Ana amsa tambaya tabbatacciya da "yea" ko "nay", korarriyar tambaya kuma da "yes" ko "no". Har a shekarar 1532 Thomas More ya soki William Tyndale, mai fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci, a kan cewa bai bambance "nay" da "no" ba. Daga baya biyun farko suka faɗi daga bakin jama'a, suka rage a majalisa wurin ƙidayar ƙuri'a da cikin tsofaffin littattafai. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san irin wannan a kalmar "si", wadda ake amsa korarriyar tambaya da ita idan ana so a musa ta. Turancin yau ba shi da kalma ta musamman domin wannan aiki. Da murya yake yin sa. Idan aka ce maka, "You didn't pay," alhali ka biya, sai ka ce, "Yes, I did," ka danna kalmar ƙarshe da ƙarfi.

Inda "not" take zama

Hausa tana da hanyoyin korewa kusan biyar, kuma kowannenmu yana amfani da su ba tare da ya tsaya tunani ba. Muna cewa "bai zo ba", da "ba" biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Muna cewa "ba ya zuwa", da guda ɗaya mai dogon wasali. Muna cewa "babu ruwa", muna cewa "ba shi ba ne", muna cewa "kada ka tafi". Turanci ya ɗora mafi yawan wannan kaya a kan kalma ɗaya, "not", kuma wurin zamanta ɗaya ne: bayan mataimakin aikatau. Mataimakan su ne irin su "is", "are", "was", "have", "will", "can", "should". Ka samo mataimakin a cikin jimla, ka ajiye "not" a bayansa, ka gama. "She is coming" ta koma "She is not coming." "They have paid" ta koma "They have not paid." "I can read" ta koma "I cannot read," wadda ita kaɗai ake rubuta ta a haɗe.

Wahalar tana zuwa ne idan jimlar ba ta da mataimaki. "He went home" aikatau ɗaya ne tilo a cikinta. A nan Turanci yakan aro "do" ta zo ta riƙe masa "not", kuma idan ta zo ita ce take ɗaukar alamar lokaci, babban aikatau ya koma siffarsa ta asali. Shi ya sa ake cewa "He did not go home." Na gyara "He did not went" a littattafan ɗalibai sau ba adadi, kuma na san daga inda take fitowa: mutum ya sha wuya kafin ya haddace cewa "went" ita ce shuɗaɗɗen lokacin "go", sai ya ji ba zai iya sakinta ba. To "did" ta riga ta nuna abin ya wuce, kaya ɗaya ba a ɗaukarsa sau biyu. Haka nan "She sells fish" takan koma "She does not sell fish," harafin ƙarshe ya tashi daga "sells" ya koma kan "does".

Akwai wani ɗan tarihi a nan da nake so ku sani, domin zai nuna muku cewa Hausa da Turanci ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba. A tsohon Turanci, shekara dubu da suka wuce, ana korewa ne da ƙaramar kalma "ne" a gaban aikatau. Da ta yi rauni a baki sai mutane suka riƙa ƙara mata wata kalma a bayan aikatau domin ƙarfafawa, kalmar da ma'anarta ta asali ita ce "ba komai", ita ce kuma ta gajarce ta zama "not". An yi ƙarnoni Turanci yana korewa da kalma biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar dai "ba ... ba" tamu, kamar kuma "ne ... pas" ta Faransanci. A hankali ta gaban ta ɓace, ta bayan ta gaje aikin. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, shi ne ya bayyana wannan juyi a littafin da ya wallafa a 1917 a kan korewa, kuma har yau da sunansa ake kiran juyin.

"No" kuwa, ban da aikinta na amsa, tana zama a gaban suna, a nan ta yi daidai da "babu" ko "ba ... da". "There is no water," babu ruwa. "I have no money," ba ni da kuɗi. Ita ce kuke gani a allunan hanya da bangon ofis: "No parking", "No entry", "No vacancy".

Game da korewa biyu a jimla ɗaya, Hausa za ta taimake ku idan kun saurare ta. Muna cewa "ban ga kowa ba", "ban sayi komai ba". Korewar tana kan "ba", su kuma "kowa" da "komai" ba korarru ba ne a karan kansu. Turancin makaranta haka yake so: "I did not see anybody," "I did not buy anything." Idan kana so ka yi amfani da "nobody" ko "nothing" ko "never", to ka cire "not": "I saw nobody." Za ku ji "I didn't see nobody" a finafinai da waƙoƙin Amurka, kuma miliyoyin mutane a can da Ingila haka suke magana a gida. Mawaƙin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yakan jera korewa uku ko huɗu a jimla guda. Masu rubuta nahawu na ƙarni na 18 ne, musamman Robert Lowth a littafinsa na 1762, suka kafa cewa korewa biyu suna kashe juna. Hukuncinsu shi ne ya zauna a makaranta da ofis da jarrabawa, don haka shi za ku bi a rubutu.

Kalmar "deny"

Yanzu mun zo kan kalmar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan. Duk mai sauraren labarai da Turanci ko mai duba kanun jarida yana cin karo da ita kusan kullum. Ana furta ta kamar "dinai", nauyin murya a gaɓar ƙarshe. Asalinta daga Latin ne, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da harshen kotu da fada ya koma Faransanci. Har yau ƙamshin kotu bai bar ta ba. Wurin rubutu ku kula: "deny", "denies", "denied", "denying", sunan aikin kuma "denial".

Ma'anarta ta farko ita ce musantawa, wato a ce ka yi abu ka ce ba ka yi ba, ko a ce abu ya faru ka ce bai faru ba. Hanya uku ake gina jimla da ita. Ko dai suna ya biyo ta kai tsaye: "The trader denied the allegation," ɗan kasuwar ya musanta zargin. Ko aikatau mai ƙarewa da "ing" ya biyo ta: "He denied taking the money," ya musanta cewa ya ɗauki kuɗin. Ko kuma "that" da cikakkiyar jimla: "He denied that he took the money." Ta biyu da ta uku ma'anarsu ɗaya, sai wadda ta fi maka sauƙi a baki.

Abu biyu ne nake roƙonku ku kiyaye a nan. Na farko, "deny" ba ta karɓar "to" da aikatau a bayanta. "He denied to take the money" ba Turanci ba ne, kuma mai sauraro zai rasa ko musantawa kake nufi ko ƙi. Na biyu ya fi haɗari. Kalmar da kanta korewa ce, ta riga ta haɗiye "not" a cikinta. A Hausa mukan ce, "Ya musa, ya ce bai ɗauka ba," mu maimaita korewar domin jimla biyu ce. Idan ka kwashe wannan ka zuba a Turanci ka rubuta "I deny that I did not take the money," to ka ce ne kana musanta cewa ba ka ɗauka ba, ma'ana ka ɗauka. Mutum ya zo wanke kansa ya sa hannu a kan amsa laifi. Abin da ke bayan "deny" shi ne zargin kamar yadda mai zargi ya faɗe shi, ba tare da "not" ba: "I deny that I took the money." In kuwa kana jin tsoron rikicewa, ka bar "deny" gaba ɗaya ka ce, "I did not take the money." Ba ta gaza waccan ba a ƙarfi ko a daraja.

Ma'ana ta biyu ita ce hanawa, kuma a nan karɓau biyu take ɗauka, wanda aka hana da abin da aka hana shi. "They denied him entry," sun hana shi shiga. An fi jin ta a sigar da ba a ambaci mai aikatawa ba: "She was denied a visa," an hana ta biza. "The accused was denied bail," an hana wanda ake tuhuma beli. Wanda yake amfani da kwamfuta ko na'urar cirar kuɗi ya san "Access denied," wato ba a ba ka izinin shiga ba. Yadda za ku bambance ma'anonin biyu shi ne ku dubi abin da ya biyo ta. Idan zargi ne ko labari ko jita-jita, musantawa ce. Idan mutum ne tare da wani hakki ko wata dama, hanawa ce.

Akwai ta uku wadda ba a cika jin ta ba, amma tana da nauyi: mutum ya ce bai san wani nasa ba. "He denied his own son," ya ce ɗan ba nasa ba ne. Sai kuma wasu maganganu da suka daskare a siffa ɗaya. "There is no denying that prices have risen" tana nufin babu mai musun cewa kaya sun yi tsada. Idan likita ya ce majiyyaci yana "in denial", yana nufin an gaya masa ciwonsa amma zuciyarsa ta ƙi karɓa, yana ta gaya wa kansa lafiyarsa ƙalau.

'Yan'uwan "deny" da ake rikita ta da su

Wadda aka fi rikitawa da ita ita ce "refuse", ma'anarta ƙi. "Deny" tana kallon baya, ga abin da aka ce ya faru. "Refuse" tana kallon abin da ake so ka yi yanzu ko nan gaba, kuma ita ce mai karɓar "to". Ku kwatanta waɗannan biyu, waɗanda za su iya fitowa daga rahoto ɗaya a kan rikicin haya:

"The tenant refused to sign the paper." Ɗan haya ya ƙi sa hannu a takardar.
"The tenant denied signing the paper." Ɗan haya ya ce shi bai sa hannu a takardar ba.

A ta farko takardar ba ta da sa hannu. A ta biyu akwai sa hannu a kanta, ana gardama ne a kan na wane ne. Alƙali ba zai yi wa waɗannan shari'o'i biyu hukunci iri ɗaya ba.

"Reject" ita ce yin watsi da abu ko mayar da shi: tayi, takardar neman aiki, sakamakon zaɓe, kayan da ba su yi kyau ba. Suna ne yake bin ta, ba ta ɗaukar "to". "Decline" ƙi ce ta ladabi, irin wadda ake yi wa gayyata, kamar mu ce "na gode, amma ba zan samu dama ba." Ita ce kuma banki yake amfani da ita idan kati bai yi aiki ba. "Refute" kuwa ta wuce musu, tana nufin ka kawo hujjar da ta rushe zancen. Wanda ya ce "ban ci bashi ba" ya yi "deny". Wanda ya fito da rasit ya nuna ya biya, shi ya yi "refute". Jaridu da yawa, a nan gida da waje, sukan yi amfani da ita a wurin musu kawai, har wasu ƙamusoshi sun fara karɓar hakan. Ni dai ina ganin bambancin ya cancanci a riƙe shi, domin mai karatu yana da hakkin ya san ko an kawo hujja ko baki ne kawai.

Sai "contradict". Ita ma daga Latin take, gaɓarta ta farko tana nufin kishiya, ta biyu tana nufin faɗa, wato faɗin kishiyar abin da aka faɗa. Ana iya yi wa mutum: "She contradicted her husband in public," ta ƙaryata maganar mijinta a gaban jama'a. Maganganu ma suna iya yi wa juna: "The two reports contradict each other," rahotannin biyu sun ci karo da juna. Idan mutum ɗaya ne ya yi tufka da warwara, ya faɗi abu da safe ya faɗi kishiyarsa da yamma, sai a ce, "The witness contradicted himself." Lauyoyi wannan suke nema idan suna yi wa shaida tambayoyi, shi ya sa suke maimaita tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Kuskuren da ake yi da ita shi ne a liƙa mata "with", saboda a Hausa muna cewa "ya ci karo da". Ba ta buƙata. "Disagree" ce mai tafiya da "with": "I disagree with you," ra'ayina ya saɓa da naka. Kuma ba a cewa "I am disagree" ko "I am not agree", domin aikatau ne su, sai dai "I do not agree."

Idan za ka juya magana gaba ɗaya, "on the contrary" ce kalmarka, daidai da "akasin haka ma". Wani ya ce, "You look tired," ka ce, "On the contrary, I slept well." Kada a musanya ta da "on the other hand", wadda ba ta ƙaryata komai, wani gefen maganar kawai take kawowa.

Mu Hausawa ba ma ce wa babba "ƙarya ne", mukan ce "ranka ya daɗe, anya haka ne kuwa?" Turanci ma yana da nasa lulluɓin. "You are lying" zagi ne, yana iya kashe ciniki ko ya kori mutum daga aiki. "You are wrong" ma tana da kaifi. A ofis za ka ji "I'm afraid that is not correct," ko "I don't think that is right," ko a fara da "Actually" sannan a kawo gyaran. "I'm afraid" a nan ba tsoro take nufi ba, tausasawa ce kamar "sai dai a yi haƙuri". A "I don't think" kuwa harsunan biyu sun haɗu: mu ma "ba na jin zai zo" muke cewa, mu ɗora korewar a kan jin, kamar yadda Bature yake cewa "I don't think he will come."

Korewar da ke ɓoye

Wasu wurare kaɗan sun rage, kuma na zaɓe su ne domin kuskure a wasunsu yana taɓa lafiya. "Must" da "have to" duk dole suke nufi, amma da an kore su sai su rabu. "You must not take this medicine at night" tana nufin kada ka sha maganin nan da dare, hani ne. "You don't have to take it at night" tana nufin ba dole ne sai da dare ba, zaɓi ne. Idan mai ba da magani ya faɗi ɗaya ka ji ɗayar, ka tambaye shi ya maimaita.

Ƙananan gaɓoɓin da ake liƙawa a gaban kalma, irin su "un", "dis", "in", yawanci kishiya suke haifarwa: "safe" da "unsafe", "honest" da "dishonest", "correct" da "incorrect". Amma ku dubi jikin tankar mai, za ku ga an rubuta "Highly inflammable". Wannan "in" ba ta korewa ba ce. Kalmar tana nufin mai saurin kama wuta, ma'anarta ɗaya da "flammable". Abin da ba ya kama wuta shi ne "non-flammable".

"Hardly" ba 'yar'uwar "hard" ba ce a ma'ana. "He works hard," yana aiki tuƙuru. "He hardly works," da ƙyar yake taɓa aiki. Wanda zai rubuta wa yaronsa takardar shaida ya kula da wannan. Sai tambayar nan ta ladabi, "Do you mind if I sit here?" Ma'anarta ita ce ko zai dame ka in na zauna, don haka mai ba da izini "No, not at all" yake cewa. Wanda ya ce "Yes" ya kori baƙo ne yana murmushi.

A kotu, bayan an karanta tuhuma, ana tambayar wanda ake tuhuma, "Guilty or not guilty?" Ƙaramar kalma ɗaya ce tsakanin amsa laifi da musanta shi. Ina so kowa a ajin nan ya san cewa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi hakkin a samar masa tafinta kyauta idan ba ya fahimtar harshen da ake shari'ar da shi. Turancin da muke koyo a nan na karanta takarda ne da gane abin da ake faɗa. Idan magana ta kai ga 'yancin mutum, ya nemi tafinta ko da yana ganin ya iya, kuma kada ya sa hannu a kan bayanin da ba a karanta masa da harshensa ba.

Aikin aji da na gida

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama ma'aikacin asibiti, ɗaya majiyyaci. Ma'aikacin ya yi tambaya biyar, kowace da korewa a cikinta, irin su "You haven't eaten today?" da "Didn't you take the tablets?" Majiyyaci ya amsa da gaskiyar halin da yake ciki a yau, da cikakkiyar jimla, sannan ku yi musanya. Duk wanda ya ji "yes" ta haɗu da "not" a bakin abokinsa ya tsayar da shi, su gyara tare.

A gida kuma ku juya waɗannan zuwa Turanci, ku zaɓi wadda ta dace tsakanin "deny", "refuse", "reject" da "contradict": Makiyayin ya musanta cewa shanunsa sun shiga gonar. Mai gidan ya ƙi karɓar rabin kuɗin haya. An hana ƙanwata shiga ɗakin jarrabawa. Kwamitin ya yi watsi da tayinmu. Maganar shaida na biyu ta ci karo da ta na farko.

Daga nan sai kowa ya ɗauka cewa shugaban wurin aikinsa ya aiko masa da takarda yana zarginsa da barin aiki ranar Litinin ba tare da izini ba, alhali yana nan har aka tashi. Ya rubuta amsa da Turanci wadda ba ta wuce jimla huɗu ba. Jimla ɗaya ta ƙunshi "deny", ɗaya ta faɗi inda yake a lokacin da wanda ya gan shi. Ku zo da ita mako mai zuwa, za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu duba abin da kowa ya sa a bayan "deny".